Fashin Baƙi: Matan da ke gidan yari da masu tsaya musu

Me ƙungiyoyin da ke fafutukar kare matan gidan yari suke nema takamaimai? So suke a buɗe ƙofa a saki masu laifi, kamar yadda wasu ke zargi, ko kuwa akwai abin da ya ɓaci a can ciki wanda mu da ke waje ba mu gani?

Tambayar takan taso duk shekara idan azumi ya kama ko sallah ta ƙarato. Za ka ji a rediyo wani attajiri ko matar gwamna ta biya wa fursunoni tara, an sallame su, an ba kowa kuɗin mota. Ɗaya daga cikin manya a 'yan shekarun nan shi ne na watan Nuwamban 2023, lokacin da ministan harkokin cikin gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya je Kuje ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 a faɗin ƙasa, bayan an tara naira miliyan 585 daga kamfanoni da masu hali an biya musu tara. Jama'a sun sa albarka, kuma sun yi daidai. Sai dai ba a jima ba gidajen suka sake cika maƙil. Wasu suka ce ai ga shi nan, masu laifi ba sa shiryuwa. Wasu kuma suka ce a'a, waɗanda suka cika gidan tun farko ba su ne aka sallama ba.

Na biyun ne suka fi kusa da gaskiya, musamman a ɓangaren mata. Biyan tara alheri ne babba, amma mafi yawan matan da ke tsare ba zai taɓa su ba, domin ba a ma yanke musu hukunci ba balle a ci su tara.

Ɗaurarre daban, mai jiran shari'a daban

Kalmar gidan yari tsohuwa ce. Yari sarauta ce a fadojin ƙasar Hausa, shi ne mai tsaron waɗanda sarki ko alƙali ya sa aka kulle. Turawa sun zo sun bar gidajen yarin a hannun En'e, wato hukumomin sarakunan gargajiya, sai a 1968 gwamnatin tarayya ta haɗe su duka a ƙarƙashinta, ta kuma yi musu doka a 1972. Wannan doka ce ta yi aiki har zuwa 2019, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwa, wadda ta sauya sunan zuwa Hukumar Gidajen Gyaran Hali. A takarda yanzu babu gidan yari. A bakin mutane kuwa yana nan, ni ma da shi zan ci gaba.

Mutum iri uku ne a ciki. Akwai ɗaurarre, wanda kotu ta saurari shari'arsa ta same shi da laifi ta yanke masa shekaru. Akwai wanda aka ba zaɓin tara, ko aka ce ya biya diyya ko ranko, ya kasa. Irin wannan ne masu alheri ke fitarwa da azumi. Sai na uku, mai jiran shari'a, wanda ake zargi kawai. Tsarin mulkin Najeriya ya ce wannan ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar, kuma ƙa'idar Musulunci ma haka take: hujja tana kan mai da'awa.

Alƙaluman hukumar kanta sun daɗe suna nuna cewa cikin mutum dubu 70 zuwa dubu 80 da ke tsare a gidaje sama da 240, kusan biyu cikin uku masu jiran shari'a ne. Mata kimanin kashi 2 cikin 100 ne na duka, kuma a cikinsu ma masu jiran shari'ar sun fi biyu cikin uku. A duniya baki ɗaya mata da 'yan mata sama da 700,000 ne a tsare, kimanin kashi 7 cikin 100 na fursunoni, kuma daga shekarar 2000 zuwa yau yawansu ya ƙaru da fiye da rabi, ƙaruwar da ta fi ta maza nesa ba kusa ba.

Wannan ƙarancin nasu shi ne babban abin da ya cuce su. Wanda ke kasafi yana duban kashi 98, ya manta da kashi 2.

Yadda mace ke shiga ta maƙale

Hanya ta farko ita ce wadda lauyoyi ke kira tuhumar ajiya. 'Yan sanda sun kama mace bisa zargi mai nauyi, kamar kisan kai ko fashi. Sai su kai ta kotun majistare, alhali majistare ba shi da hurumin sauraren irin wannan ƙara. Abin da zai yi kawai shi ne ya ce a ajiye ta a gidan yari har sai lauyoyin ma'aikatar shari'a sun duba fayil sun ba da shawara, ko a gurfanar da ita a babbar kotu ko a sake ta. Daga nan ne zaman ke soma tsawo. Fayil bai bar ofishin 'yan sanda ba. Ko ya tafi ya shige ƙarƙashin wasu ɗaruruwa. Ko an yi wa ɗan sandan da ya yi binciken canjin wurin aiki. Ranar zaman kotu motar ɗaukar fursunoni ba mai. Wata ranar alƙali ba ya nan. A 2021 ma'aikatan kotuna sun yi yajin aiki na sama da wata biyu, kotunan ƙasar nan duka a rufe, mutanen ciki kuwa suna ƙirga kwanaki.

Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka kwafa (Kaduna a 2017, Kano a 2019), ta yi ƙoƙarin toshe wannan rami. Ta ce umarnin ajiya na kwana 14 ne, idan za a sabunta sai an kawo dalili, kuma ba za a yi ta sabuntawa har abada ba. Ta ce majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata ya ga su wa ke kulle. Dokar tana da kyau. Amma doka ba ta da ƙafa. Sai an sami wanda ya ɗauke ta ya kai gaban alƙali ya ce ranka ya daɗe, wa'adin nan ya wuce. Matar da ba ta da lauya ba ta da mai yi mata wannan.

Hanya ta biyu ita ce beli. Mutane da yawa ba su san cewa a cikin masu jiran shari'a akwai waɗanda kotu ta riga ta ba beli ba, sharaɗin ne ya gagara. A ce ta kawo ma'aikacin gwamnati mai babban matsayi, ko mai takardar fili a cikin gari. Matar da aka ɗauko daga ƙauye, wadda iyakarta gidan miji da gidan biki, ina za ta samo shi? Dokar 2015 ta hana tsaurara sharaɗin beli fiye da kima, ta kuma faɗa ƙarara cewa ba za a hana mutum tsaya wa wani ba don kawai mace ce. Duk da haka har gobe ana kora uwa ko yaya a ce je ki kawo namiji.

Hanya ta uku ita ce bashi. Na san wata uwar adashi a unguwarmu. Mutum uku suka kwashi rabonsu suka daina zubi, ɗaya ma ta bar gari. Da kwasar sauran ta zo babu kuɗi, sai suka kai ta wurin 'yan sanda, magana ta koma cin amana da zamba. Kuɗin duka bai kai na keken ɗinki biyu ba. An ba da belinta tun zaman farko, amma mijinta ya ce ta ja masa abin kunya, ya aika mata da takarda tana ciki. Yayyenta maza kowa ya ce ba ruwansa. Ta yi watanni. Ranar da na raka ƙanwarta ziyara, abin da ta fara tambaya ba maganar shari'a ba ce; cewa ta yi, wa ke yi wa auta wanka?

Dokar 2015 ta ce ba a kama mutum saboda rikicin bashi ko saɓa alƙawarin ciniki, ba a kuma kama wani a madadin wani. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta sake nanata duka biyun. Amma kowa a ƙasar nan ya san labarin matar da aka tafi da ita don a tilasta wa mijinta ko ɗanta ya fito.

Gidan da aka gina don maza

Gidajen yarin da aka keɓe wa mata zalla a Najeriya ba su da yawa; wanda aka fi sani shi ne na Kirikiri a Legas. A mafi yawan wurare ɓangaren mata wani lungu ne da aka yanke da katanga a cikin gidan maza. Idan akwai wurin koyon sana'a ko aji ko filin motsa jiki, yawanci yana can ɓangaren maza, mata kuwa ba za a haɗa su da su ba, don haka sai su rasa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar gidan yari ranar ziyara ya ga abin da na gani. Dogon layi ne na mata, kowacce da kula a hannu, wata da goyo. Gandiroba zai ce buɗe, ɗanɗana, sai ta kai loma ɗaya a gabansa kafin a karɓa. Tambaye su wurin wa suka zo: ɗana, mijina, ƙanena. Kusan duka wurin maza suka zo. Namiji idan an kulle shi, mata uku ne ke hidimarsa. Mace idan an kulle ta, sau da yawa ita ce dama mai yi wa kowa hidima, kuma babu wanda ya gaje ta.

Wannan ba maganar kaɗaici kaɗai ba ce, maganar ciki ce. Kuɗin abincin fursuna naira 750 ne a rana har zuwa 2024 da aka mai da shi naira 1,125, kuma daga ciki ɗan kwangila zai fitar da ribarsa. Wanda ake kawo wa abinci daga gida yana da sauƙi. Wanda ba a kawo wa sai gabza. To ka ƙiyasta mai ciki ko mai shayarwa. Jaririn da ke bayanta ba fursuna ba ne, amma yana kwana inda take kwana, yana shaƙar abin da take shaƙa, har ya kai wajen wata 18 a nemi dangin da za su karɓe shi. Ga audugar mata, ga sabulu, ga ruwa. Waɗannan ƙananan abubuwa ne a bakin mai faɗa, amma su ne mutuncin mace.

Duniya ta daɗe kafin ta lura. Sai a watan Disambar 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idoji 70 na musamman kan mata fursunoni, waɗanda ake kira Ƙa'idojin Bankok saboda Gimbiya Bajrakitiyabha ta ƙasar Tailan ce ta ja ragamar samar da su. A ciki an ce a ba mata audugar al'ada kyauta. Mace ce kawai za ta caje mace. Ba a sa wa mai naƙuda ankwa ko mari. Ba a kai mai ciki ko mai goyo ɗakin horo na kaɗaici. A ba uwa dama ta tsara wa 'ya'yanta inda za su zauna kafin a shige da ita. Mafi nauyinsu ita ce wadda ta ce idan laifin ba na zubar da jini ba ne, a fifita wa mai ciki da mai ƙananan yara hukuncin da ba na ɗauri ba.

Musulmi ba zai ji wannan baƙo ba. Matar nan Bagamidiya da ta zo da kanta ta yi iƙirarin zina, Annabi (SAW) mai da ita ya yi har ta haihu, ya sake mai da ita har ta yaye, kuma ya tsawata wa wanda ya zage ta. Haƙƙin jariri ya jinkirta haddi.

Dokar 2019 ta ɗauki da yawa daga cikin ƙa'idojin nan. Sashe na 34 ya ce a samar da wuri na daban ga mata a kowace jiha, da ɗakin reno, da kulawar masu ciki. Ya ce a yi wa kowace mace gwajin ciki da zarar an kawo ta, kada a wuce kwana 14, kuma idan ciki ya ɓulla daga baya a bincika har da gwajin ƙwayar halitta a gano wanda ya yi. Sanya wannan a cikin doka kaɗai ya isa ya gaya maka irin abin da ake tsoro.

Su wa ke wannan aiki?

Dokar nan ba daga sama ta faɗo ba. Shekara 11 ta yi tana yawo a majalisa, kuma cikin waɗanda suka bi ta sau da ƙafa akwai ƙungiyar PRAWA mai fafutukar gyaran gidajen yari, wadda Dokta Uju Agomoh ta kafa a 1994, zamanin mulkin soja, lokacin da ko shiga gidan yari da littafin rubutu abin tsoro ne. Akwai FIDA, ƙungiyar mata lauyoyi, mai rassa a jihohi, wadda mambobinta ke ɗaukar shari'ar marasa gata kyauta. Akwai WRAPA, ƙungiyar kare haƙƙin mata da Mai shari'a Fati Lami Abubakar ta kafa a 1999, wadda Hajiya Saudatu Mahdi ta daɗe tana jagoranta. A ɓangaren gwamnati akwai Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, tun 1976, sai dai lauyoyinta 'yan kaɗan ne a kan dubban ƙararraki.

Aikin nasu mataki-mataki ne. Na ƙasa shi ne kai sabulu da auduga da madarar jarirai. Na tsakiya shi ne bin fayil: zama da mace a rubuta sunan kotu da ranar da aka kawo ta, a je ma'aikatar shari'a a tono takardunta, a nemi sassauta beli, a sa sunanta cikin jerin da za a miƙa wa Babban Jojin jiha ranar da zai zagaya gidajen yari, domin yana da ikon sallamar wanda zamansa na jira ya wuce abin da za a ɗaure shi ko da an same shi da laifin. Na sama kuma shi ne canza doka da tsari. Na ƙasan ne ke fitowa a hoto, na tsakiyar ne ke fitar da mutane, na saman ne ke rage masu shiga. A ƙasar Malawi tun shekarar 2000 aka gane cewa bin fayil ba sai lauya ba. Aka horar da mataimakan lauyoyi suna shiga gidajen yari kullum, kuma ƙasashen Afirka da dama sun kwaikwaya, har da Saliyo inda ƙungiyar AdvocAid ke yi wa mata irin wannan aiki tun 2006.

Wani abin lura shi ne yadda waɗanda suka ɗanɗani ɗaurin da kansu suke zama jagorori. Teresa Njoroge ma'aikaciyar banki ce a Kenya, ta shiga gidan yarin mata na Langata a 2011 da jaririyarta a hannu, daga baya kotu ta wanke ta, ta fito ta kafa Clean Start don matan da ta baro a ciki. Susan Burton a Amurka sau shida tana shiga tana fita bayan mutuwar ɗanta ta jefa ta shaye-shaye. A 1998 ta sami ƙaramin gida a Los Anjalas, ta riƙa zuwa tashar da motar fursunoni ke sauke matan da aka saki tana cewa su zo ga wurin kwana. A wurinmu wannan bai samu ba tukuna, kuma dalilin a fili yake. Wace mace ce a Kano ko Katsina za ta tsaya gaban jama'a ta ce ni tsohuwar fursuna ce, alhali tana da 'ya'ya matan da za ta aurar?

Darasin Sakkwato da Katsina

Duk mai son ya fahimci yadda ake jagorancin irin wannan fafutuka a Arewa, ya koma shari'ar Safiya Hussaini da ta Amina Lawal. An yanke wa kowaccensu hukuncin jefewa bisa zargin zina; kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a Sakkwato ta wanke Safiya a watan Maris na 2002, ta Katsina ta wanke Amina a watan Satumban 2003. Mutane da yawa har yau suna zaton matsin lambar Turawa ne ya cece su. Ba haka aka yi ba. Lauyoyinsu, ciki har da Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim a shari'ar Amina, da littattafan Malikiyya suka shiga kotu. Sun kafa hujja da haƙƙin janye iƙirari, da kurakuran da kotunan ƙasa suka yi, da kuma mas'alar kwantaccen ciki, wato cewa cikin bazawara yana iya zama na tsohon mijinta har tsawon shekaru.

Har ma a 2003 Ayesha Imam da abokiyar aikinta a ƙungiyar kare haƙƙin mata ta BAOBAB sai da suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna roƙon masu aiko da takardun koke daga ƙasashen waje su dakata. Suka ce yawancin takardun cike suke da kuskure da cin zarafin addini, kuma suna iya sa masu iko su yi taurin kai, kamar yadda aka gaggauta yi wa wata yarinya bulala a Zamfara a 2001 ana tsaka da hayaniyar duniya. A ganina wannan shi ne jagoranci na gaskiya: ka ƙi tafin da ake yi maka idan tafin zai cutar da wadda kake karewa.

Abin da masu suka ke cewa

Suka ta farko ita ce mafi nauyi: wanda aka kashe fa? Ba duk matan ciki ne uwayen adashi ba. Akwai wadda ta watsa wa kishiya tafasasshen ruwa, akwai wadda ta kashe ɗan miji, akwai wadda ta yi wa 'yan bindiga safarar harsashi. Waɗanda aka zalunta suna da iyaye, kuma ƙungiyar da ta manta da su ta yi kuskure. Amma a duba da kyau: jinkirin shari'a su ma yana cutar da su. Uwar da aka kashe wa ɗa, shekara bakwai tana zuwa kotu ana ɗagewa, shaidu sun watse, ba ta ga ƙisasi ba, ba ta ga diyya ba. Mai neman a hanzarta shari'a yana yi wa ɓangarori biyu aiki.

Wani lokaci kuma mai laifin da wanda aka zalunta mutum ɗaya ne. Mutanen Kano ba su manta da yarinyar nan 'yar shekara 14 ba, wadda a 2014 aka zarga da zuba wa mijinta shinkafar ɓera a abinci kwanaki kaɗan bayan ɗaurin aure, mutum huɗu suka rasu. Lauyar FIDA ce ta tsaya mata, har gwamnatin jiha ta janye ƙarar a 2015. A Katsina ma an yanke wa wata hukuncin kisa kan abin da ake zargin ta aikata tana 'yar shekara 13, ta yi renon jaririyarta a gidan yari, sai da lauyoyin wata ƙungiya ta Faransa mai suna Avocats Sans Frontières suka kai maganar kotun ECOWAS, wadda a 2014 ta ce an tauye mata haƙƙi. Rayukan da aka rasa ba su dawo ba, kuma ba wanda ya isa ya raina su. Amma rataye yarinya ba zai amsa tambayar yadda aka yi ta isa wurin ba.

Suka ta biyu ita ce ƙungiyoyin suna ɗauke da manufar waje. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, ba sai an ɓoye ba. Wasunsu a fili suke neman a soke hukuncin kisa gaba ɗaya, abin da mafi yawan Musulmin Arewa ba za su yarda da shi ba. Mutum yana iya saɓa musu a wannan, ya kuma yarda da su cewa tsare mace shekara uku ba tare da ta ga alƙalin da zai saurare ta ba zalunci ne a kowace shari'a.

Ta uku ita ce kuɗin yana ƙarewa a tarurrukan bita a otal-otal na Abuja. Wannan ma ana yi. Mai ba da tallafi yana son adadin mahalarta da hoto, bin fayil ɗaya na wata takwas kuwa ba ya cika rahoto. Kuma tun da Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji ta USAID a 2025, tallafin waje gaba ɗaya ya ja baya.

Akwai wani ƙunci da shugabannin ƙungiyoyin ke ciki wanda masu suka ba su cika gani ba. Ba ka shiga gidan yari sai da izinin hukuma. Idan ka fito ka faɗi duk abin da ka gani, gobe ƙofa a rufe take, matan da ke jiranka kuma su ne a ciki. Idan ka yi shiru ka zama mai rufa wa ɓarna asiri. Kowane shugaba kullum yana auna abin da zai faɗa a rediyo da abin da zai faɗa a ofishin kwanturola, shugaban gidajen yari na jiha, bayan an rufe ƙofa. Gandirobobin ma ba abokan gaba ba ne. Ba su suka kama ba, ba su suka yanke hukunci ba, takardar kotu aka miƙo musu. Na ga gandiroba mace da ta sayo wa jaririn wata fursuna maganin zazzaɓi da kuɗin aljihunta.

Inda gizo ke saƙar

Sama da kashi 90 cikin 100 na fursunoni dokokin jiha ake zargin sun karya. Kotunan jiha ne ke tura su, ma'aikatar shari'a ta jiha ce ke riƙe fayil, amma gwamnatin tarayya ce ke ciyar da su. Wanda ke cika gidan ba shi ke biyan kuɗin abinci ba, don haka ba abin da ke matsa masa ya hanzarta. A watan Maris na 2023 an gyara tsarin mulki, aka ba jihohi ikon gina nasu gidajen gyaran halin. Dokar 2019 kuma ta ba kwanturolan jiha ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni idan gida ya cika bayan ya sanar da Babban Joji, ta kuma buɗe ƙofar hukuncin da ba ɗauri ba: aikin gayya, sa ido, sulhu da biyan ranko. Wannan na ƙarshe shi ya fi dacewa da yawancin laifukan mata, kuma sulhu ba sabon abu ba ne a wurinmu. Masu unguwanni da limamai da shi suka tashi.

Ma'anar wannan ga talakan Arewa ita ce maganar ta dawo gida. Ba Abuja za a tambaya ba. Kwamishinan shari'a na jiha za a tambaya fayil nawa ke jiran shawara a ofishinsa, kuma tun yaushe. Hukumomin zakka na jihohi su ma suna da hannu, domin waɗanda bashi ya danne suna cikin mutum takwas da Alƙur'ani ya ambata a rabon zakka, kuma ayar Baƙara ta ce idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu. Mai niyyar alheri da azumin bana, bayan jerin masu tara, ya nemi a nuna masa jerin matan da aka ba beli suka kasa cikawa; wata mai tsaya mata kawai take nema, wata kuɗin motar ɗan'uwanta daga ƙauye.

Ranar fitowa ma tsugune ba ta ƙare ba. Namiji yakan koma gida a yi masa barka. Mace takan tarar an sake ta, ɗakinta an kwashe, yara an raba wa dangi, ko da kotu wanke ta ta yi. Uwar adashin unguwarmu a ɗakin ƙanwarta ta sauka, kuma wata lauya ce da ta shiga duba wata shari'ar daban ta ji labarinta ta nemi a sassauta belin, aka zauna da masu kuɗin aka yi sulhu a kan biya kaɗan-kaɗan. Zaman sulhun bai kai awa biyu ba.

Wanda ke da 'yar'uwa a ciki ya je ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a na jiharsa ko reshen FIDA, ba a biyan kuɗin lauya. Ya tafi da abu uku a rubuce: sunan kotun da ta tura ta, lambar ƙarar, da ranar da aka yi zama na ƙarshe. Da su ake fara neman fayil.